Sandunan da Na Ƙona a Ƙoramar Malam Isufu

Tun Ummi tana da wata goma sha biyar maganar yaye ta tsaya mini a rai. Ba yayen kansa ke damuna ba, inda za a kai ta ne. Uwar maigidana ta rasu tun kafin aurenmu, sunanta ma aka mayar wa yarinyar, saboda haka ba wurin kai ta sai gun Innata. Inna kuwa tun bayan rasuwar Babanmu ta koma garinsu, Tudun Aduwa, can cikin Nijar in an wuce Kongolam. Rabona da garin tun ina goye. Abu ɗaya na sani game da shi: akwai ƙorama tsakaninsa da kwalta, kuma wata damina an ɗauko wani jariri yana shiɗewa a amalanke, aka iso bakin ƙoramar aka kasa ƙetarewa, aka juya da gawa. Inna ce ta ba mu labarin wani zuwa da ta yi Daura, tana tsintar shinkafa. Ita ta faɗa ta manta. Ni ban manta ba.

Ga shi kuma 'yar fari ce. Kun san yadda ake. Ba na kiran sunanta na yanka, ba na yi mata wasa gaban manya, in ta faɗi cikin mutane sai in kau da kai wata ta ɗauke ta. To da wane baki zan ce ina tsoron a kai ta bayan ƙorama?

Matan ajinmu na islamiyya, ku kuka sa ni wannan rubutu. Tun da na dawo, wadda duk ta gan ni sai ta ce, "Kulu, wai da gaske ke kika kafe motar mutane a Nijar?" Na gaji da ba da shi guntu-guntu a bakin famfo. Bokona aji huɗu ne, sai ku yi haƙuri da yadda ya zo.

Ba uwa ke kai yaye ba, wannan kowa ya sani. Sai na ce wa Baban Ummi na daɗe ban gaishe da Inna ba, ko in bi su. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "To, je ki gaishe ta." Tun da aka ƙaddamar da shari'a ya hana ni hawa bayan ɗan acaɓa, kuma motar haya ba ta shiga Tudun Aduwa. Shi ya sa tafiyar ta faɗo kan Yaya Sani.

Wanda bai san Yaya Sani ba, wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, bakanike ne a bakin tasha. Yana da wata tsohuwar motar daji mai dogayen ƙafafu da ya harhaɗa da hannunsa, yana ce mata Taguwa. Ƙofarta ɗaya da igiya ake ɗaure ta. Su shida ne ko bakwai masu irin wannan ciwon, akwai malamin makaranta a cikinsu, akwai mai sayar da taki, mutanen gari na ce musu 'yan rairayi. Ba haya suke yi ba. In sun sami hutu sai su bar kwalta mai kyau su nufi inda mota ke wahala, su kafe, su tono, su dawo fuska duk ƙasa suna dariya. Matar Yaya ta ce da ma caca yake yi da ta san inda za ta kai ƙara.

Muka tashi bayan an karya, farkon damina, gero ya kai gwiwa. Ina baya da Ummi, tsakanin shebur biyu da diga da adda da wani dogon rodi da ban san amfaninsa ba. Na ce, "Yaya, yaye za mu kai ko rijiya za mu haƙa?"

Ya ce, "Riƙo za mu duba a hanya."

"Riƙon wa? Kana da ɗa a can ne ba mu sani ba?"

Ya yi dariya har Taguwa ta yi gefe. Daga nan har Mai'aduwa labarin yake ba ni. Wai da can, in suka tarar da turba ta lalace sai su ratse ta cikin gonaki. Manoma suka gaji, wata rana suka tare su da sanduna, aka kai magana gaban mai garin Tudun Aduwa. Tsohon ya ce shi ba zai hana kowa bin hanyar Allah ba, amma wanda ke jin daɗin turba shi ya kamata ya san ciwonta: ko su riƙe ta, ko su bar ta. Shi ne suka raba ta a tsakaninsu, kowa ya ɗauki yanki. Ba mai biyansu, ba wanda ya sa su sai maganar tsohon nan. Na ce to me ake samu? Ya ce, "Ana samun hanya mana."

A Kongolam na sha mamaki. Ni a zatona iyakar ƙasa katanga ce doguwa da ƙofa. Ashe ƙarfe ne aka gicciye kan ganga biyu, ga rumfa, ga masu kaki suna shan iska. Ina kallo wata akuya ta bi ta ƙarƙashin ƙarfen ta shige Nijar, ba wanda ya ce mata daga ina. Ni kuwa tun daga gida na ƙulle katin rigakafin Ummi a bakin zane. Da muka isa wurin jandarmomin can, ɗaya ya leƙo, ya ga shebur da diga, ya ce, "Sani, an zo aiki? Ka gaida Malam Isufu." Katin da na miƙa masa, juya shi kawai ya yi ya ce, "Lahiya lau, Hajiya, ki aje abinki." Tun daga nan na lura, su ba sa cewa lafiya sai lahiya, fura kuma hura. Na yi ta danne dariya.

Ba mu yi nisa ba muka sauka daga kwalta. Yaya ya fita ya rage wa tayoyin iska, duk huɗun. Na ce yau na ga abin da ya ishe ni, mutane na neman iska kai kana zubarwa. Ya ce taya mai tauri nutsewa take, mai laushi kuwa shimfiɗuwa take kamar tafin raƙumi.

Can sai ga wata tsohuwar taya an binne rabinta a gefen turba, an shafa mata farar ƙasa. Ya ce daga nan riƙon Malam Lawal ya fara, malamin makarantar nan, yana bayanmu da a-kori-kura cike da duwatsu. Taya ta gaba ta mai taki ce. Abin da ya ba ni sha'awa, tun ba a gaya mini ba na fara gane halin mai wuri daga wurinsa. Na Malam Lawal tsaf, an sassare ƙayar da ta leƙo hanya an tara ta gefe ɗaya. Na mai taki kuwa buhunan takinsa ne ko'ina, an cika su da ƙasa an toshe inda ruwa ke ci, amma ƙaya sai da ta yage mini gefen hijabi ta taga.

Da muka shigo na Yaya sai ya rage gudu, ya leƙa kai waje kamar manomi ya zo gona. Ya tsaya wurin wani rami da ruwan shekaranjiya ya yanka. Ya cika shi da marmara, ya jera karan dawa a gicciye, ya rufe da ƙasa, ya bi da ƙafa yana dannawa. Mutumin da a gida ko buta ba ya ɗauke wa kansa. Wani manomi ya taho daga cikin gero suka gaisa, ya nuna masa inda wata motar baƙi ta taka masa kunya biyu. Yaya ya ba shi haƙuri kamar shi ya yi, ya jawo wani kututture ya tare wurin. Na ce ai ba kai ba ne. Ya ce, "A riƙona aka yi."

Rana ta take tsaka muka iso ƙoramar. Na yi zaton zan ga ruwa, sai na ga rairayi fari shimfiɗe, faɗinsa ya kai daga masallacin unguwarmu zuwa famfo. Wani dogon tsoho da rawani yana zaune gindin gawo yana jiranmu. Shi ne Malam Isufu. Da can manyan motoci yake ja zuwa arewa, yanzu ko keke ba shi da shi, amma da aka zo rabon turba kowa ya noƙe wa ƙoramar, shi ya ce a ba shi. Ladarsa ɗaya: duk wanda ya zo cikinsu zai sauka ya ba shi tuƙi ya ƙetare. Yaya ya koma gefe, tsoho ya hau yana murmushi kamar an ba yaro alewa.

To nan ne na yi abin da ya jawo komai. Da motar ta sa kai cikin rairayin, labarin Inna ya faɗo mini. Na rungume Ummi, na sunkuyar da kai, na rufe ido ina ta salati har sai da na ji mun hau tudu. Ban ga ta inda muka bi ba, ban ga abin da tsohon ke kallo yana murza sitiyari ba.

Mazan suka ɗebi shebur suka hau gaba gyaran gangaren da ke bayan tudu, inda ba a hango ƙoramar. Suka bar ni a inuwa. Ba a jima ba wani garken shanu ya ratso, Fulani masu komawa arewa, suka tattake rairayin kaf har sawun motarmu ya ɓace. Ummi ta tashi da kuka, na taɓa jikinta na ji ɗumi. Na ce bari in dama mata kunu mai zafi, da ma na taho da gari da 'yar tukunya. Na duba ko'ina ba itace, an share gindin gawon nan tas. Sai na hango wasu sanduna busassu a kafe cikin rairayin, kusa da bakin da muke, kowanne da ɗan jan tsumma a kansa. Na ce a raina, Allah sarki, shingen lambun rani ne aka watsar. Har ina mamakin matan Nijar da suka bar itace mai kyau haka. Na taka na tumɓuke shida. Sun ci wuta kuwa ba hayaƙi. Tsumma ɗaya na kwance na riƙe kunnen tukunya da shi.

Ina ba ta kunun na ji kukan mota. Malam Lawal ne. Ya yi ta danna ham daga wancan bakin, ba wanda ya ji shi a bayan tudu, sai ya shigo da kansa. Ina kallonsa yana tafiya a karkace kamar mai bin wani abu, ya yi dama, ya yi hagu. Sai a lokacin na lura akwai sauran sanduna a jere tun daga can, su yake bi. Da ya zo inda suka ƙare ya ɗan tsaya, ya ga tudu gab da shi, ya miƙe kai tsaye. Taku kaɗan motar ta yi wani irin nishi ta zauna. Ya ƙara mata wuta, ta ƙara nutsewa, ruwa ya fara tsattsafowa ta gefen tayoyin. Ashe saman ne kawai busasshe.

Cokalin ya faɗi daga hannuna. Na tura jan tsumman nan ƙarƙashin cinyata.

Mazan suka sheƙo a guje. Malam Isufu bai ko kalli motar ba, ramukan sandunan ya bi yana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga kai ya dubi gabas, hadari ya fara haɗuwa. Ya ce in aka yi ruwa a can sama, kafin la'asar sakaliya ƙoramar za ta kawo, kuma in ta tarar da motar nan sai dai a zo kallo.

Suka hau sauke duwatsu. Tsohon yana aiki yana faɗa. "Sau uku ke nan! Matan Tudun Aduwa ne, na san su. In kahe da sahe, su tuge da marece su dafa tuwo. To na gaji. Sani, ka shaida, Malam Lawal, ka shaida, in mun fidda motar ga na aje riƙo. Kowa ya bi inda Allah ya nuna mishi."

Yaya ya ce, "Haba Baba, a yi haƙuri."

"Haƙurin ya ƙare. Gobe in je gaban mai gari in faɗa mishi."

Ina zaune, tsumma a ƙarƙashina kamar garwashi. In na yi shiru ba wanda zai sani, tokar ma na riga na tura mata ƙasa da ƙafa. Amma Innata na cikin matan da ake zagi. Kuma na dubi Ummi, na dubi rairayin nan da yake fari tas ko'ina iri ɗaya. Gobe zan tafi in bar ta a wannan ƙetaren. In tsohon nan ya ajiye, wa zai san inda ƙasa ke da ƙarfi ranar da aka ɗauko ta cikin gaggawa?

Ban taɓa yi wa baƙon namiji magana da ƙarfi ba. Na goya ta, na ja hijabi, na taka har bakin rairayin, na ɗaga tsumman.

"Baba, ba su ba ne. Ni ce."

Duk suka tsaya. Yaya ya ce, "Ke ce me?"

"Ni na cire. Na dama kunu da su. Na zaci shinge ne." Daga nan bakina ya ƙwace mini. Na ce, "Don Allah Baba kada ka ajiye. 'Yata zan bari a garin nan. Ita ke nan gare ni. Wata uku ban yi barcin kirki ba saboda ƙoramar nan, ba gaisuwa ta kawo ni ba, ita na zo gani." A gaban wana, a gaban maza baƙi, a kan 'yar fari. Har yau in na tuna sai in rufe fuska.

Malam Lawal ne ya fara fashewa da dariya, yana tsaye cikin laka har gwiwa. "Sani, ashe da ɓarawon muka taho tun daga Daura! Kunun dai ya yi daɗi ko, ƙanwata? A sam mini, ni na biya shi."

Malam Isufu bai yi dariya ba. Ya karɓi tsumman ya juya shi. Ya ce, "Kin zo ganin ƙorama, da muka shigo ta me kika gani?"

Na ce, "Ido na rufe, Baba."

"To yanzu buɗe shi. Sani, ba ta rodin."

Su suna ta fama da jak da duwatsu, suna cusa kara ƙarƙashin tayoyi, Taguwa na ja da igiya daga tudu, ni kuwa tsohon ya sa ni gaba. Ya ce in soka rodin. Na soka, ya shige sululu har kusan rabinsa. Ya ce matsa taku uku. Na soka, ya tsaya ƙyam kamar ya sami dutse. Ya ce to nan ce hanya, kuma ba ta zama wuri ɗaya: duk ruwan da ya wuce sai ta gusa, sai an sake bi da rodi an sake kafa sanduna. Na ce kullum? Ya ce, "Duk ruwa." Ya saro rassan gawo muka kafa shida. Da aka zo ɗaura alama babu tsumma, sauran biyar ɗin sun bi wuta. Na tsaya ina tunani, sai na kwance majanyin da na ɗaure Ummi da shi, koren nan mai ratsin fari da kuka san ni da shi. Daga gobe ai ba ni da abin goyawa. Na sa haƙori na yage shi gida shida.

Motar ta fito ana kiran la'asar. Ba mu gama salla ba muka ji wani gunji daga gabas, sai ga ruwa ja ya taho da kumfa da karare, alhali ko ɗigo bai sauka a kanmu ba. Inda motar ta zauna ya zama tsakiyar kogi. Sandunana kuwa kawunansu kawai ake gani.

Malam Isufu ya ce hadarin na tafe, gangaren gaba zai yi santsi, mu kwana gidansa. Matarsa, Baba Hadi, ta karɓe ni kamar ta san ni. Abincinsu ya ba ni mamaki. Furarsu tsararo ce, a ƙwarya ɗaya take yini, wanda ya shigo ya kurɓa ya wuce. Miyar kukarsu da daddawar batso ake yi, warinta sai da na toshe hanci a ɓoye, amma na ƙara tuwo sau biyu. Shayi kuwa a wasu 'yan kofuna kamar murfin kwalba, na farko ɗaci kamar maɗaci, na shanye don kunya, ashe saura biyu. Ta ba Ummi wani abu fari mai tauri wai cuku, yarinyar ta kama gwagwiya har ta manta da nono. Ɗumin jikin ma ashe haƙori ne.

Muna wanke kwanuka kafin magariba na tambaye ta jaririn nan na amalanke, ko ta san gidansu. Ta ci gaba da cuɗa ƙwarya. Ta ce, "Nan ne gidansu. Ɗan ɗiyarmu ne." Ta ɗauraye, ta kife. "Kada ki ji ya ce ya aje riƙo. Duk damina sai ya aje sau biyar."

Da safe muka isa Tudun Aduwa. Labari ya riga mu, ban san ta ina ba. Inna ta tarye ni da, "Sannu da zuwa, mai itace." Matan gidan suka yi ta yi mini tsiya, amma wata tsohuwa ta ce gaskiya sau biyun farko su ne, ba wanda ya taɓa gaya musu amfanin sandunan, maza a dandali kawai aka yi wa bayani. Inna ta ce ita da ke zuwa ɗiban ruwa can kusa, za ta riƙa leƙawa. Ta karɓi Ummi ta ce, "Zo nan ƙawata, mu ga wa zai riga wani cinye tuwo." Ni ko kallonsu ban yi ba, saboda mutane. Na shiga mota na zauna tsakanin shebur da diga.

Da muka dawo ƙoramar ruwa ya janye, tsohon ya riga ya gusar da sandunan wajen taku goma. Wannan karon ido biyu na ƙetare, ƙirjina ya cika da nono yana zogi, ina kallon koren majanyin nan ɗaya bayan ɗaya har shida.

Yau kwana goma sha tara ke nan. Inna ta aiko cewa yarinyar ta saba, sai bayan an yi girbi za a dawo da ita. An yi ruwa sau huɗu tun lokacin, kowanne ina zaune a Daura ina tunanin rodi.

Saboda haka ga roƙona. Cikinku akwai masu dangi a wajen, akwai waɗanda mazansu ke fatauci ta Kongolam. In Allah ya kai ɗayanku ƙoramar da ke gaban Tudun Aduwa, ya ga sanduna da koren tsumma, kada ya cire ko da wutar girki ta mutu. In ya ga ɗaya ta faɗi, ya tsaya ya kira Malam Isufu, gidansa na bayan gawon. Wadda ke da tsohon zane mai haske da ba ta so, ta kawo mini islamiyya in ba Yaya Sani, don rana na cin launin tsumma. Kuma in kun dawo, ku biyo ta gidanmu ku gaya mini ko duk shidan na tsaye.